Abin da Gwaggo Ta Sa Mini a Hannu

Ranar Laraba da hantsi ina shanyar gyaɗa a tsakar gidanmu a Magarya, sai wani mai jaki daga ƙauyenmu ya yi sallama. Maigidana ya fita wurinsa, ya jima. Da ya dawo bai ƙaraso inda nake ba. Ya tsaya a bakin rumfa yana duban ƙasa, ya ce, "Sai haƙuri. Gwaggo ta riga mu gidan gaskiya, jiya bayan la'asar."

Na ce na Allah ne mu, kuma gare shi za mu koma. Na sha faɗin haka a gidajen makokin mutane, amma sai a ranar na ji nauyinsa a harshe.

Ƙauyenmu yana can bayan Yekuwa, ba tafiyar rabin wuni ba ce ga mace mai goyo. Sai washegari muka isa, an riga an kai ta makwancinta. Baba, wanda shi ne limamin ƙauyen, yana zaure yana karɓar gaisuwa. Duk wanda ya yi masa ta'aziyya da murya ɗaya yake amsa masa: "Mun gode, Allah ya ba da lada." Da na durƙusa a gabansa sai ya ɗago ya ce, "Mai sunan Inna, kin iso?" Na ce na iso. Ya ce, "Yayata ta tafi ta bar ni."

A ciki, ɗakinta cike yake da mata har bakin ƙofa. Wata tsohuwa maƙwabciyarmu, wadda suka shafe shekaru suna faɗa da Gwaggo a kan layin guga a bakin rijiya, ita ta fi kowa kuka. Tana share hanci da bakin zane tana cewa, "Yanzu da wa zan yi? Duk garin nan babu mai mayar mini da magana." Inna, mahaifiyata, ba ta yi kuka a gaban mutane ba. Tsintsiya ta ɗauka tana share ƙofar ɗakin, ta share, ta koma ta sake sharewa, har sai da aka karɓe tsintsiyar daga hannunta. Kawu kuwa, ƙanen Inna, tsohon sojan Faransa, ya ƙi zama cikin maza. Ya zagaya bayan ɗakin Gwaggo ya jingina da bango yana kuka da murya kamar yaro, ba wanda ya iya ce masa ya daina.

Muna zaune wata baƙuwa da ta zo daga Dogo-Dogo, cikin dangin mijin Gwaggo na da, ta yi ajiyar zuciya ta ce, "Baiwar Allah, ba ta bar baya ba." Ba da mugun nufi ta faɗa ba, kuma gaskiya ta faɗa. Huɗu Gwaggo ta haifa, babu wanda ya kai yaye. Amma maganar ta soke ni. Na san yadda ake yi da wanda bai bar ɗa ba: a yi sadakar uku, a yi ta bakwai, a yi ta arba'in, a raba ƙwaryarsa da tabarmarsa, shi ke nan. Shi ya sa da na dawo gida na jiƙa tawada. Na iya rubutu, kuma ba don ita ba da ban iya ba.

Gwaggo yayar Baba ce, uwa ɗaya uba ɗaya. Bayan rasuwar mijinta ta dawo gidan ƙanenta tun kafin a haife ni, aka gina mata ɗaki kusa da rumbu. Gajeruwa ce, baƙa, haƙoranta ja da goro, kullum da farin alli a yatsunta saboda kaɗi. Ban taɓa ganin hannunta a zaune ba. In ba mazari ba to gurzar auduga, in ba ita ba to ɗinkin faifai. Ko gaisawa take da mutum zare na tafiya. Wata rana gardi, dogarin Nasara, ya shigo gidanmu kan maganar lanho, wato haraji, kowa ya miƙe, ita tana zaune tana kaɗinta. Ya daka mata tsawa, "Ke tsohuwa, ba ki gan ni ba?" Ta ce, "Ni na gan ka, ɗana. Zaren ne bai gan ka ba." Har gardin sai da ya juya baya don kada a ga dariyarsa.

Sunan mahaifiyarsu aka sa mini, don haka daga ita har Baba babu mai kama sunana. Shi ya ce "mai sunan Inna", ita kuwa "Uwata".

Ni yarinya ce da ba ta zama. Inna takan ce kamar an zuba mini garwashi a zane. Ba rashin kunya ba ne, ba kuma ƙin jin magana ba. Jikina ne ba ya yarda. Ƙauyenmu babu makaranta, lakwal kuwa, makarantar Nasara, tana Magarya, Baba ba ya ko son a ambace ta. A gida yake koya mana, ni da wana, a zaure, da safe da kuma bayan la'asar. Ya yi alkawari tun yana saurayi cewa ƴaƴansa mata ma sai sun yi karatu, ba na salla kawai ba.

Da ni aka fara, kuma da ni alkawarin ya kusa karyewa. Da zarar na zauna sai ƙafa ta fara rawa. In an tsawata wa ƙafa sai farce ya fara ƙwanƙwasa allo. In an hana wannan sai munduwata ta fara kuka. Tabarmar Baba guda na zare wa kaba ɗaya bayan ɗaya har ta yi rami. Wana ya riƙa kai ƙara: "Baba, ka ga tana hana ni ji." Baba mutum ne mai haƙuri, amma ƙaramar ƙara tana tsinka masa karatu kamar yadda wuƙa ke tsinka zare. Ya ce in zauna a kan hannuwana. Na zauna. Amma da na danne su sai in ji kamar tururuwa na bin ƙashina, muryarsa ta yi nisa kamar daga cikin rijiya, in ga bakinsa na motsi ban san me yake cewa ba. Na yi wata uku a kan ƙaramar sura guda. Mata suka fara cewa iska ce. Aka yi mini hayaƙi, Baba ya yi mini rubutu na sha har cikina ya gaji.

Wata rana da azahar, bayan na sha tsumagiya da safe, Gwaggo ta kira ni ta zube mini auduga a cinya ta ce in cire mata gurya. Ina cirewa, ban san bakina na motsi ba. Sai na ji mazari ya tsaya.

"Uwata, me kike karantawa?"

"Ba komai, Gwaggo."

"Sake wannan ba komai ɗin in ji."

Na sake. Gwaggo ba ta san ko baƙi guda ba, amma ta shekara tana jin karatu ta katangar zaure, kunnenta ya san inda aya take sauka. Ta ce, "Wannan ba ita ce ƙanena ya doke ki a kanta ɗazu ba?" Na ce ita ce. Sai ta miƙo hannu ta kwashe audugar daga cinyata, ta ce, "To, sake." Na fara, na kai aya ta biyu, na tsaya ina zare ido. Ta mayar mini da audugar. Surar ta zubo har ƙarshe kamar an buɗe bakin tulu. Sau uku ta yi haka, tana karɓewa tana mayarwa, har ta fashe da dariya tana tafa cinya.

"Ikon Allah! Ashe ke kunnenki a tafin hannu yake."

Daga ranar ta samu aikin yi. Ta fara ba ni ɗan dunƙulen auduga in ɓoye a ƙarƙashin mayafi, amma sai in tsinke shi gaba ɗaya, zaure ya cika da farin gashi, Baba ya yi ta atishawa. Ta ba ni ƙwayar tsamiya uku, suka riƙa haɗuwa suna ƙas-ƙas. Ta ɗinka ɗan ƙulli ta zuba gero a ciki. Wannan ya yi kwana biyu lafiya, a na uku ɗinkin ya ɗan saki, wata kaza ta biyo ni har cikin zaure tana tsattsagar mayafina a gaban Baba. Gwaggo ta ce, "Laifina ne, na manta gidan nan da masu baki."

Sai ta je bakin rijiya ta ɗebo rairayi mai laushi, ta tankaɗe, ta wanke, ta shanya. Ta yanko guntun tsohon saƙi wanda wanki ya tausasa, ta ninka biyu, ta ɗinke rairayin a ciki, girmansa kamar ƙwan kaza. Kafin ta ba ni sai da ta kai shi kunnenta ta girgiza, ta matsa, ta murza. Haka take yi wa duk abin da za ta ba ni. In ta ji ko ɗan motsi sai ta yar. Takan ce, "Abin da ya yi ƙara ya zama na kowa. Wanda ya yi shiru naki ne ke kaɗai." Bayan ƙullin rairayi ta yi mini igiyar abawa mai ƙulli bakwai, in bi su da babban yatsa in dawo. Ta goge ƙwallon goruba a kan dutse har ya yi sumul, ta shafe shi da man shanu. In ɗaya ya gundure ni sai ta canja mini wani. "A ba hannu abincinsa," in ji ta, "kunne ya samu sarari."

Duk wannan Baba bai sani ba. Abin da ya gani shi ne yarinyar da ta yi wata uku a kan sura guda ta fara wanke allo duk bayan kwana biyu. Ya yi ta hamdala, ya ce rubutun ya karɓe ni. Gwaggo tana daga bakin ƙofarta ta ce, "Allah ya ƙara wa rubutu albarka," ta ci gaba da kaɗi.

Abin da ya tona mu kakin zuma ne. Wani maƙwabcinmu mai amya ya ba Gwaggo ɗan dunƙule, ita kuma ta ba ni. Ban taɓa riƙe abin da ya kai shi daɗi ba. Yana ɗumama a hannu, ya yi laushi, in mulmula shi in baje shi, ba ƙara, ba gari. Amma da bazara ne. Kuma a ranar ne Baba, don jin daɗin yadda nake ci gaba, ya zaro Alƙur'anin da mahaifinsu ya rubuta da hannunsa daga gafaka, ya ce in yi alwala in zo in juya masa falle. Wannan karamci ne da ko wana bai taɓa samu ba. Na yi alwala, na dawo, hannuna ya koma ƙarƙashin mayafi ban sani ba. Da na juya fallen sai ga shatin babban yatsana a gefen takardar, maiƙo ya ratsa ta.

Baba ya dubi tabon. Ya kama hannuna ya buɗe. Ya ga kakin ya narke a tafina. Na jira tsumagiya, bai ɗauka ba. Ya mayar da littafin cikin gafaka a hankali, ya ce, "Tashi. Kin samu abin salla, ya ishe ki. Je ki wurin uwarki ta koya miki daka." Ya ɗauki allona ya rataye a can sama inda hannuna ba ya kaiwa.

Da duka ne da na fi so. Na je ɗakin Gwaggo na nuna mata hannun. Ta dube shi, ta ajiye mazari, ta gyara ɗaurin zane. Ba ta saba shiga zaure ba, amma ranar ta shiga, ni kuma na laɓe a bayan ƙofa.

Ta ce, "Malam, ni na ba ta. In duka ne ga bayana."

Ya ce, "Yaya, wata nawa ana wasa a gabana ina karanta maganar Allah?"

"Wata biyar. Kuma a cikin wata biyar ɗin sura nawa ta haddace?"

"Ba wannan ba ne. Kin mayar da ni abin dariya a gidana. Ina cewa rubutu, kina cewa amin."

"Da na gaya maka za ka yarda?"

Carbinsa na tafiya a hannunsa kamar kullum. Ta nuna shi da haɓa ta ce, "Kai wannan na hannunka fa?"

Sai muryarsa ta tashi, abin da ban taɓa ji ba. "Kada ki haɗa ambaton Allah da wasan yara!"

"Ban haɗa ba. Amma ajiye shi ka yi mini wa'azi in gani ko za ka kai ƙarshe."

Wannan maganar ba ta kamata ba, ita ma daga baya ta sani. Baba ya ce in ba don ita ta goye shi ba da ya faɗa mata abin da ba za ta so ba. Sai ta zauna a ƙasa, a gabansa, muryarta ta sauka.

"Ka tuna turken da ke bayan ɗakin Innarmu? Ba za ka tuna ba, kana goye. Shi wanda ya rubuta littafin nan, Allah ya jiƙansa, ya fara koya mini karatu kafin kai. Na kasa zama, kamar ƴar nan. Sai ya ɗaure mini ƙafa da igiya a turken, kamar akuya, ya ajiye mini allo. Kwana bakwai. Ban ga baƙi ko ɗaya ba, igiyar kawai nake gani. A na takwas ya kwance ni ya ce kaina dutse ne. Ga ni nan na tsufa, da sura uku nake salla, su ma ban sani ba ko daidai nake faɗa. Ban taɓa gaya wa kowa ba. Ni ban ce ya yi mugunta ba, abin da ya sani ke nan. Amma kai yanzu ka ga wata hanya da idonka."

Ta tashi ta fito, ta wuce ni kamar ba ta gan ni ba.

Kwana tara suka yi ba sa magana. Gwaggo ta daina karɓar tuwon gidan, ta ɗora ƴar tukunyarta a ƙofar ɗaki. Inna ce ta sha wahala a tsakani, ta kai wannan ta dawo da wancan. Ni kuwa ina bakin turmi, ina jin wana yana karatu a zaure, ina bin sa a zuci. Yanzu da na girma na ga kowannensu da gaskiyarsa. An ɓoye wa Baba abu a cikin zaurensa, an kuma ɓata masa abin da ya fi ƙauna a duniya. Gwaggo kuwa ba ta iya roƙo ba, faɗa kawai ta iya.

A rana ta goma da safe na ji Baba ya ɗaga murya daga zaure: "Mai sunan Inna! Zo ki karɓi allonki." Na tafi. Bai dube ni ba. Bango ya fuskanta, wanda ke ta wajen ɗakin Gwaggo, ya yi magana da ƙarfi yadda za a ji a can: "Ban da kaki. Ban da abin da zai yi ƙara. A hannun hagu kawai. In an buɗe littafi a ajiye komai a wanke hannu."

Daga can muka ji Gwaggo tana ce wa akuyarta, "An ji."

Da la'asar ta zo da kanta, ta durƙusa wa ƙanenta, abin da ba ta taɓa yi ba. Ta ce, "Na tabon nan na zo neman gafara, da na maganar carbi. Sauran kuwa ban yi nadama ba." Baba ya ce, "Tashi, Yaya, kada ki ɗora mini zunubi." Tabon yana nan har yau, a gefen fallen. Ya yi duhu da tsufa.

Sharaɗin littafi ya so ya gagare ni, domin da na ajiye ƙullin sai tururuwar ta dawo. Na kai kuka wurin Gwaggo. Ta yi tunani kwana guda ta ce, "Ai bai hana ƙafa ba." Ta koya mini in zauna a bakin tabarma, in tura yatsun ƙafata cikin yashin zaure, in riƙa damƙa ina saki. Da haka na shiga littafi, da haka na fita.

Ranar saukata mata suka cika gida ana guɗa. Na nemi Gwaggo in ga me za ta ce. Ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "To, madalla. Yanzu saura ki iya tuƙa tuwo ba gudaji." Ba ta iya yabo a gaban mutum ba, ko kaɗan, kuma wannan ya sha ɓata mini rai. Sai bayan shekaru Inna ta gaya mini cewa a ranar ta je ɗebo dawa ta tarar da ita a bayan rumbu, ta toshe baki da zane tana kuka.

Ba ni kaɗai ta yi wa ba. Lokacin da Kawu ya dawo daga yaƙin Nasara, can hayin teku, jikinsa lafiya lau, ko ƙwarzane babu. Amma ba ya iya zama cikin mutane. Hannuwansa rawa suke, ko ƙoƙon fura ba ya kaiwa baki bai zubar ba. In kamiyo, babbar motar gyaɗa, ya wuce ta hanya sai ya tashi a guje ya shige gona. Aka ce aljanun ƙasar Turawa ne suka biyo shi. Kowa ya zo sai tambaya: me ka gani, me aka yi maka? Gwaggo ba ta tambaye shi komai ba. Wata la'asar kawai ta aika aka kira shi, ta ce, "Kai soja, zo ka riƙe mini zare. Hannuna biyu ne, aikin na huɗu ne." Ya ce wannan ai aikin mata ne. Ta ce, "To ka rufe ido." Ya miƙa hannuwa ta rataya masa zaren tana naɗewa. Zaren na rawa, ta ci gaba da naɗi. Kullum la'asar haka, har kaka ta wuce. Daga baya ta goge masa ƙwallon goruba ya sa a aljihu, da shi ya koma zama a majalisa, da shi ya koma sahun masallaci. Mun riƙa hango shi yana yi mata magana ƙasa-ƙasa, tana naɗi tana gyaɗa kai. Abin da ya faɗa mata ba wanda ya ji, da shi ta tafi.

Yanzu a Magarya ƴaƴan maƙwabta mata suna zuwa gidana da allunansu, matan aure ma sukan zo bayan sun sauke girki. Ni ke karanta wa mata wasiƙun mazansu da ke cin rani a Kano. In aka kawo mini yarinyar da aka ce ba ta ji, ba na fara tambayar me ta haddace. Hannunta nake fara duba.

Ganina da Gwaggo na ƙarshe da kakar bana ne, na je gida wankan jego. Idonta ya riga ya dushe, ba ta bambance fuska sai murya. Wata safiya muna zaune a ƙofar ɗakinta muna shan hantsi, sai ta ce, "Uwata, an ce yanzu har wasiƙa kike rubutawa."

Na ce, "Ina taɓawa, Gwaggo."

"Sunan kowa yana rubutuwa?"

"Na kowa."

Ta ɗan tauna goro. Can ta ce, "Har nawa?"

Na ji kunya ta kama ni. Shekara nawa ina rubuta sunayen mutanen da ban sani ba, bai taɓa zuwa mini in rubuta nata ba. Na share ƙasa da tafin hannu, na rubuta mata shi da tsinke, manya-manya. Ta sunkuya har hancinta ya kusa taɓa ƙasa, ta ce ba ta ganin komai sai hazo. Sai na kama yatsanta manuni, na ɗora a farkon baƙin farko, na ja shi a hankali daga dama zuwa hagu, ina faɗa mata sunan kowane baƙi, har muka ɗiga ɗigon ƙarshe.

Ta ce, "Shi ke nan?"

"Shi ke nan."

"Ɗan wannan? A kan ƴan ƙugiyoyin nan na yi kwana tara ina cin tuwon da ba miya?" Ta yi dariya har tari ya sarƙe ta. Da ta lafa ta miƙo mini yatsan ta ce, "Sake."

Muka sake. A na uku ta ce in sake ta, ta gwada ita kaɗai. Baƙin farko ya karkace, na biyu ya hau kan na uku, amma duk wanda ya iya karatu zai karanta. Na ce mata, "Gwaggo, kin rubuta." Ta daɗe tana shafa gefen wurin da yatsa, ba ta taɓa rubutun ba. Sai ga ɗan akuya a guje ya bi ta kai ya watsa shi. Na zabura zan jefe shi, ta riƙe mini zane.

"Bar shi, Uwata. Ai na riga na ji shi a yatsa."

Ya Allah, ga baiwarka ta zo maka da surorinta uku. Ka karɓe su yadda ta faɗe su. Ka yafe mata kaifin harshenta, ka yalwata mata kabarinta, ka sada ta da ƴaƴanta huɗu da suka riga ta. Mu da muka saura, in tamu ta zo, ka sa mu cika da imani. Wanda duk wannan takarda ta isa hannunsa, ina roƙonsa ya yi mata fatiha.